Harshe da Wahalar Koyon Kwamfuta a Unguwar Lazaret

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin masu koyon kwamfuta a Yamai, manya da yara, har da ɗaliban jami'a: "Ni kaina ba ya ɗaukar wannan abu." Mai faɗinta ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ya ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwarsa. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, kaso mai yawa na wahalar nan wahalar harshe ce, kuma hanyar da kowa ke bi wajen koyo gado ce daga inda ya fara neman sani, ko makarantar allo, ko lakwal, ko rumfar sana'a. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin ɗalibin kimiyyar harshe ba ya miƙa kundinsa sai ya ratsa ta kan na'urar nan, kuma kalmomin da za a koyar da ita da Hausa, mu ne ya kamata mu tace su.

An ɗauki misalan daga unguwar Lazaret, wadda ake furtawa Lazare. Sunan kansa darasi ne na aron kalma: a Faransanci, lazaret wuri ne da ake killace masu cuta mai yaɗuwa, Faransancin kuma daga Italiyanci ya aro shi. A lokacin farin 1973 zuwa 1974 an kafa sansani a wurin, a bayan garin Yamai na wancan zamani, aka tara dubban mutanen da fari ya kashe wa dabbobi, akasarinsu Buzaye, da yawa daga ƙasar Mali. Yau birni ya haɗiye wurin, ya zama unguwa mai cunkoso a gunduma ta biyu ta Yamai. Yaron da ya tashi a nan yakan ji Zabarmanci da Hausa tun yana rarrafe, wani ma har da Fulatanci ko Tamajak a cikin gida. Ya haɗu da Larabci a makarantar allo, da Faransanci a lakwal. Ranar da ya zauna gaban kwamfuta, sai ta yi masa magana da Faransancin ofis, ko kuma da Ingilishi in ba a sauya mata harshe ba tun da ta shigo ƙasa. Mutumin da ke sarrafa harsuna uku ko huɗu a yini guda, da wuya a ce kansa ne ba ya ja.

Kalmar da aka sani, ma'anar da ba a sani ba

Kalmar da mai koyo bai taɓa ji ba, da sauƙi: zai tambaya. Wadda ke kayar da shi ita ce wadda ya sani da wata ma'ana dabam. A ɗauki enregistrer. A bakin mutanen Yamai tana nufin ɗaukar murya, ko shigar da suna a rajistar ofis. A kwamfuta tana nufin adana aikin da aka yi don kada ya ɓace. Sai kuma enregistrer sous, inda ɗan lakwal ya san sous da ma'anar "ƙarƙashi", ya shiga neman abin da za a sa rubutun a ƙarƙashinsa, alhali ana nufin a adana shi da wani suna. Kalmar annuler kuwa aiki biyu take yi a manhajojin Faransanci: fasa abin da ake shirin yi, da kuma warware abin da aka riga aka yi. Mai koyo da aka taɓa ce wa ita ce ke goge aikin baya, sai ya riƙa tsoron danna ta ko a inda ita ce mafita.

Ita kuwa bureau ta fi su daɗin nazari. A Faransanci tana nufin ofis, tana nufin teburin rubutu, sannan tana nufin fuskar farko da kwamfuta ke nunawa bayan an kunna ta. Hausar Nijar ta are ta da ma'anar farko kaɗai, muka ce biro. In an ce wa mai koyo "takardarka tana kan biro", bai yi laifi ba in ya waiwaya. Bahaushen Kano ma da ya ji haka, abin rubutu zai fara tunawa, domin biro a wajensa shi ne abin da muke kira bik.

Dalilin wannan ruɗani yana cikin tarihin na'urar. Injiniyoyin kamfanin Xerox a Kalifoniya, cikin shekarun 1970, su ne suka tsara fuskar kwamfuta ta yi kama da teburin ma'aikacin ofis, da takardu da jakunkunan ajiye su da kwandon shara. Tsarin ya fito kasuwa da Xerox Star a 1981, ya yaɗu da Macintosh a 1984. George Lakoff da Mark Johnson sun nuna a littafinsu na 1980 cewa siffantawa hanya ce ta fahimtar baƙon abu ta hanyar wanda aka riga aka sani. Sharaɗin a bayyane yake: sai in an san abin da aka siffanta da shi. Dillalin dabbobi na kasuwar Turaku, wanda ke riƙe da lissafin bisashe da basussuka a kansa da kuma bakin shaidu, bai taɓa sa takarda cikin jaka, ya sa jakar cikin wata jaka, ya sa su cikin kabad ba. Tsanin da aka kafa don a sauƙaƙa wa sakataren Amurka hawa, shi a wajensa wata katanga ce. Matasa ma ba su tsira ba, tunda alamar adanawa a manhajoji da yawa har yanzu hoton wani ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu da aka daina amfani da shi kafin a haifi yawancinsu. Wurin da rubutu ke fakewa bayan an yanke shi kafin a manna, Faransanci ya kira shi presse-papiers, wato ɗan nauyin da ake danne takardu da shi don kada iska ta kwashe. Ko Bafaranshe bai sami wani haske daga wannan suna ba.

A nan ne Hausa ke da abin cewa. Marubuta kan fasaha a Nijeriya sun kira ɗan abin da ake juyawa da hannu linzami, maimakon su fassara souris su ce ɓera. A ganina sun fi masu asalin kalmar dacewa: ɓera siffar abin kawai ya faɗa, linzami kuwa aikinsa ya bayyana, kuma duk wanda ya taɓa ganin mahayi ya san da shi ake juya doki. Haka manhaja da kalmar sirri da yanar gizo, duk sun zauna. Wani wurin ma Hausa ta fi Faransanci rarrabewa. Télécharger a bakin mafi yawan masu Faransanci tana ɗaukar sauko da abu daga intanet da kuma ɗora shi a can. Hausa tana da sauke da ɗora, sannan tana da aji na 6 na aikatau a tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, mai ƙarewa da -o, wanda ke nuna aikin ya nufo wajen mai magana: tura da turo, aika da aiko, shiga da shigo. Malamin da ya ce "ka turo hoton cikin na'urarka, sannan ka tura shi can" ya gama bayanin da zai ci masa jumla uku da Faransanci.

Madannai biyu, iyaka ɗaya

Wata matsalar ta iyakar ƙasa ce. Nijar ta gaji madannan Faransa da ake kira AZERTY, Nijeriya ta gaji QWERTY na masu Ingilishi. A kan AZERTY, A da Q sun yi musayar wuri, haka Z da W, M ta koma kusa da L, lambobin jeren sama kuma ba sa fitowa sai an haɗa da maɓallin manyan baƙaƙe, har ɗigon aya ma haka. Tsofaffin kwamfutocin da ake sayarwa a gari daga wurare dabam-dabam suke, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami wadda aka zana wa QWERTY a jiki amma an saita cikinta a kan AZERTY. Mai koyo ya danna Q, A ta fito. In ba wanda ya yi masa bayani, zai ɗauka hannunsa ne ya karkace.

Abin ya fi tsanani ga wanda ke koyo ta bidiyon Hausa daga Kano ko Zariya. Harshen bayani nasa ne, amma manhajar da ke gaban malamin ta Ingilishi ce. A Word na Ingilishi, Ctrl da B ke kaurara rubutu, a na Faransanci Ctrl da G ne. A Excel, abin da malamin ya rubuta SUM ko IF, na'urar Yamai ba ta karɓa sai an rubuta SOMME ko SI, kuma inda ya sa waƙafi tsakanin sassan umarni, ita waƙafi mai ɗigo take so. Ga kuma lissafin kuɗi. Mu da dala muke ƙirga sefa, dala ɗaya faran 5, har "ɗari" ta zama faran 500, jika ta zama 1,000. Ɗan kasuwar da ke son shigar da cinikinsa a jadawali sai ya riƙa ninka kowace lamba sau biyar a kansa kafin ya danna. Wannan fassara ce tsakanin tsarin ƙirga biyu, kuma littafin koyarwar da aka rubuta a Faransa bai san da ita ba.

Sani da iyawa

Masanin falsafar nan na Ingila, Gilbert Ryle, ya yi dogon bayani a 1949 don ya raba sanin cewa abu kaza haka yake, da sanin yadda ake yin sa, saboda harshensa aikatau ɗaya yake da shi ga duka biyun. Bahaushe ya huta da wannan wahala: yana da sani, yana da iya. Ana sanin mota ba a iya ta ba. Kwamfuta tana bukatar duka biyun, kuma hanyoyin koyon da ake gani a Lazaret kowace ta fi ƙarfi a ɓangare guda.

Mafi yawa ita ce hadda. Mai koyo ya zo da kaye, ya rubuta matakai ɗaya bayan ɗaya: danna nan, sannan nan, sannan na uku daga sama. Akwai masu raina wannan hanya, ni kuwa ban ga abin raini a cikinta ba. Makarantar allo ta daɗe tana fitar da masu karatu ta wannan tafarki, daga babbaƙu zuwa farfaru, kuma ta san sirrin maimaici da na bai wa kowane harafi sunan da yaro zai riƙe. Wajen koyon wuraren baƙaƙe a kan madannai, babu abin da ya kai maimaici, domin yatsu ba sa jin bayani. Inda hadda ke gazawa shi ne, nassin da ake haddacewa a allo ba ya canzawa, manhaja kuwa kullum cikin sauya riga take. Da Microsoft ya fitar da Office 2007, ya kawar da jerin umarnin da aka saba, ya kawo wani faffaɗan zirin alamomi a sama, sai duk wanda ya haddace "na uku daga sama" ya koma ɗan koyo. Haka ke faruwa ga wanda ya koya a na'urar wata cibiya, ya je wurin aiki ya tarar da wata dabam. Ya haddace hanya ɗaya zuwa gidan, bai san unguwar ba.

Hanya ta biyu ita ce ta rumfar sana'a. Yaron mai gyaran waya, ko na mai shagon buga takardu da hoto, ba a zaunar da shi a yi masa darasi. Yana shara, yana miƙo abu, yana kallon hannun maigida. Wata rana a ce ya fitar da takarda, wata rana ya gyara suna a katin gayyata, har a wayi gari an bar masa shagon. Jean Lave ta yi nazarin irin wannan koyo a wajen teloli a Monrobiya ta Laberiya, inda ta ga ɗan koyo yana farawa da ƙarshen aiki, kamar guga da ɗinka maɓalli, kafin a ba shi almakashi. Ita da Etienne Wenger suka gina littafinsu na 1991 a kan irin waɗannan misalai. Duk wanda ya shiga kasuwar Katako ya ga yaran maƙera ya san abin da suke nufi ba sai an fassara masa ba. Ɗan wannan makaranta yakan yi sauri ƙwarai, ba ya tsoron na'ura, kuma yakan san dabarun da ba sa cikin littafi. Amma sau da yawa ba shi da sunayen abubuwan da yake yi. Ya iya, bai sani ba. Ranar da matsala ta zo wadda maigida bai taɓa gamuwa da ita ba, ba ya iya neman amsarta a intanet, domin nema sai da kalma.

Akwai kuma masu tone-tone, galibi yara, waɗanda ke danna duk abin da suka gani don su ga abin da zai faru. Sugata Mitra ya saka kwamfuta a jikin bango a wata unguwar talakawa ta birnin Delhi a 1999, yara suka koyi sarrafa ta ba malami. Wannan hanya tana bukatar abu biyu da ba kowa ke da su ba: lokaci, da na'urar da ba a jin tsoron ɓata ta. Wanda ke biyan kuɗin awa a shagon intanet, ga wuta tana iya ɗaukewa, ba ya da sararin wasa. Kishiyarsu su ne masu son bayani kafin aiki, kuma a nan ne yawancinmu ƴan jami'a muka faɗa: muna iya kawo ma'anar kowane sashe na kwamfuta a jarrabawa, mu ci maki, sannan mu kai kundinmu shago a buga mana.

Sai dai a yi hattara da wata fahimta da ta yaɗu a tarukan horar da malamai, cewa kowane mutum an halicce shi da salon koyonsa, wani da ido, wani da kunne, wani da karatu, wani da hannu, kuma sai an koyar da shi ta salonsa zai gane. Neil Fleming na ƙasar Niyu Zilan ya fitar da sanannen rabon nan na gida huɗu a 1987. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku suka bi diddigin binciken da aka yi a kai, suka ce ba su sami gamsasshiyar hujjar cewa daidaita koyarwa da salon mutum na ƙara masa fahimta ba. Mutane suna da abin da suka fi so, wannan gaskiya ne. Amma abin da ake koyo shi ke zaɓar hanya. Mai kaye da yaron shago ba jinsi biyu ba ne, tarihi biyu ne, kuma kowannensu yana bukatar abin da ke hannun ɗayan. Haɗarin waccan fahimta shi ne ta ba mutum sabon dalilin cewa "ni ba irin masu kwamfuta ba ne".

Hujja mafi kusa da mu daga cikin ƙasar nan ta fito. A 2009 da 2010 an gudanar da wani shirin yaƙi da jahilci na manya a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, da Hausa da Zabarmanci, ƙarƙashin ƙungiyar Catholic Relief Services. A wasu ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai amfani da wayar salula mai sauƙi: gane lambobi da baƙaƙe a kan maɓallai, da aika saƙo. Jenny Aker da Christopher Ksoll da Travis Lybbert suka wallafa sakamakon a 2012, inda ɗaliban ƙauyukan waya suka fi sauran maki a rubutu da lissafi. Waɗannan manya ne da akasarinsu ba su taɓa shiga lakwal ba. An yi musu bayani da harshensu, na'urar tana kusa da su bayan an tashi daga aji, kuma suna da wanda suke son aika wa saƙo. Abin da ya rage a Lazaret, inda waya ta riga ta shiga kowane gida, shi ne kunya. Magidanci ko uwar ƴaƴa ba sa son ɗan cikinsu ya ga sun kasa, yaron kuwa maimakon ya nuna, sai ya karɓe linzamin ya yi aikin cikin ƙiftawar ido ya miƙo. An biya bukata, ba a koyi kome ba. Mai koyar da babba ya kamata ya riƙe hannuwansa a baya, ya yi aiki da baki.

Baƙaƙe masu ƙugiya

Namu rabon wahalar, mu ɗaliban harshe, yana wajen ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tsarin farko da ya yaɗu na bai wa haruffa lambobi a kwamfuta, wato ASCII na 1963, gurabe 128 kawai gare shi, kuma babu ƙugiya ko ɗaya a ciki. Sai da Unicode ya zo a 1991 baƙaƙenmu suka sami lambobinsu na dindindin: ɓ tana 0253, ɗ tana 0257, ƙ tana 0199, ƴ tana 01B4. Ita ta ƙarshen ce dokar daidaita rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar, a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Samun lamba dabam, samun maɓalli dabam: AZERTY da QWERTY na yau da kullum duk ba su da su. Shi ya sa mai buga rubutu a shago, wanda ake biya a kan shafi, yakan zubar da ƙugiyar ya wuce.

Ga mai saƙon gaisuwa wannan ba kome, mahalli zai fitar da ma'ana. Ga mai nazarin tsarin sauti kuwa ɓarna ce, domin kafa da ƙafa, bari da ɓari, fada da faɗa, kura da ƙura, su ne ainihin hujjar da yake kafawa cewa waɗannan ƙwayoyin sauti ne masu zaman kansu. Wanda ya tara matani don ƙirga kalmomi, in wani shafi an rubuta ƙ, wani k', wani k tsura, na'ura za ta ƙirga masa kalma ɗaya a matsayin uku, ko ta haɗe masa biyu su zama ɗaya. Tunda kundin tsarin mulkin riƙo na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun da za a buga da ita ƙaruwa za su yi, kuma wannan gyara ba zai jira ba.

Maganin yana kusa. Windows yana da tsarin madannan Hausa da ake ƙarawa daga wajen saita harshe, akwai manhajar Keyman ta cibiyar SIL da ake samu kyauta, Gboard ma a waya yana da Hausa. Ga mai sa alamar karin sauti da tsawon wasali, zubin haruffa na Charis SIL ko Doulos SIL ya fi ɗaukar su ba tare da sun goce daga kan wasali ba. Kafin a fara buga babi na ɗaya, a rubuta baƙaƙen huɗu da manyansu, Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, a layi guda, a adana, a kai shagon da za a fitar da kundin a buɗe a na'urarsu. In ƴan akwatuna suka fito a madadin baƙaƙen, to na'urar ba ta da zubin haruffan da aka yi aiki da shi, sai a mayar da kundin PDF tun daga gida kafin a kai musu.